Ƙugin da Ya Hana Hira a Cikin Mota: Nazarin Wata Nissan 350Z ta Hannu

Motar Nissan 350Z ce ƙirar 2004, mai giyar hannu shida da kujera biyu kacal. Daga Amurka ta shigo a matsayin tokumbo shekarun baya, ta yi zama a Legas, ta yi a Abuja, sannan wani matashin ɗan kasuwa a Kano ya saye ta. Bai jima da ita ba ya kawo ta garejinmu da ƙorafi guda ɗaya, wato ƙara. Ba kukan inji yake nufi ba, domin wannan yana sonsa, shi ne ma ya ja shi ga motar tun farko. Wani ƙugi ne da ke tasowa daga ƙasa da zarar ya hau babban titi, yana ƙaruwa da gudu, har ta kai idan ya ɗauko mutum sai sun ɗaga murya kafin su ji juna. Ya ce in ya je Zariya ya dawo, kansa sarawa yake yi.

Kafin ya iso wurinmu ya riga ya kashe kuɗi. Wani bakanike ya saurari bayaninsa daga bakin gareji ya ce boris ne, wato gidan ƙwallayen ƙarfe da taya ke juyawa a kansa, aka canza na gaba duka biyu, ƙugi yana nan daram. Wani ya ce salansa ce, aka yi mata walda. Dilan da ya sayar masa kuwa cewa ya yi ai haka motocin tsere suke, ya yi haƙuri zai saba. Ban kawo waɗannan don in kushe kowa ba. Boris yana ƙugi, salansa tana ƙara, motar tsere kuma ta fi Camry hayaniya nesa ba kusa ba. Abin da ya ɓace shi ne babu wanda ya shiga motar ya bi titi da ita, ya rarraba ƙarar gida-gida, kafin a ɗauko sifana. A cututtukan mota babu wadda ake yi wa maganin kintace irin ƙara, kuma mai motar ne ke biyan kuɗin kowane kintace.

Halin motar kanta

Sai an san yadda aka ƙera 350Z kafin a iya cewa ƙararta ta wuce kima. Nissan ta fito da ita a 2002 da inji V6 mai lita 3.5, wanda ake kira VQ35DE, mai ƙarfin doki 287 a ƙirar farko. Injin yana gaba, tayoyin baya ne ke tura ta. Babu bango tsakanin direba da but. Bayan kujerun fili ne buɗe, da wani ƙaton ƙarfe da ya gitta ya haɗa ɓangarorin biyu, sai ƙofar but mai gilashi. Tayoyin baya dab suke da kunnen direba, duk abin da suka taka yana shigowa ciki kai tsaye. Tayoyin kuma faffaɗa ne masu gajeren gefe. Wannan da aka kawo mana mai wili inci 18 ce, 225/45 a gaba, 245/45 a baya. Gajeren gefe yana sa mota ta kama ƙasa a kwana, amma robar da za ta shanye gargadar titi ta ragu. Bushin (robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa) da sifirin ɗinta ma da gangan aka yi su da tauri.

Tunda na baya sun fi na gaba faɗi, ba a iya musanya su gaba da baya yadda ake yi wa sauran motoci don su ci daidai. Tayar gaba a gaba za ta ƙare rayuwarta. In akwai wata karkata da ke cin ta, ba ta samun hutu ko na kwana ɗaya.

Ƙirar 2003 da 2004 sun yi suna da wannan matsala a Amurka tun suna sababbi. Masu su sun yi ta kuka cewa tayoyin gaba da motar ta zo da su, Bridgestone Potenza RE040, suna cinyewa ta gefen ciki, daga nan sai su fara ruri, musamman idan ana rage gudu za a tsaya. Nissan ta aika wa dillalanta takardun umarni kan gyara saitin alaimen ɗin gaba, wato daidaita fuskar da tayoyi ke kallo, ta kuma canza wa mutane da yawa tayoyi. Sanin wannan ya nuna mana inda za mu fara kai hannu. Amma ba mu ɗauke shi hukunci ba, saboda motar da ta kai shekara 20, ta sha ramukan Legas da na Kano, tana da nata dalilan.

A kan titi

Mun fara da iska, da safe, tayoyi suna sanyi. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ta ce 35, amma geji ya nuna sama da 45 a kowace taya. Wannan ɗabi'ar masu faci da yawa ce, suna ganin taya mai gajeren gefe sai su ɗauka ta yi laushi su yi ta ɗura mata iska, wasu kuma gejinsu ne ya daɗe da mutuwa. Muka sauke iskar zuwa inda ya kamata. Motar ta rage tsalle a gargada, amma ƙugin bai tafi ba.

Sai muka fita tare da mai motar, shi yana tuƙi ina gefe. Tunda babu kujerar baya da za a zaunar da yaro ya saurara, kuma ba za mu kwantar da ɗan mutane a but ana gudu ba, sai muka ajiye waya ɗaya a bayan kujeru tana naɗar sauti, wata a hannuna tana auna desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Manhajar waya ba ma'auni ba ce da za a rantse da ita, amma tana da amfani wajen kwatanta kafin gyara da bayansa, matuƙar titi ɗaya ne, gudu ɗaya, gilasai a rufe, esi da rediyo a kashe. Abin lura, ƙarin desibel 10 shi ne kunne yake ji kamar ƙara ta ninka. Saboda haka bambancin da ya yi kama da ƙarami a fuskar waya babba ne a kunne.

Tambayar farko ita ce, ƙarar inji take bi ko gudun mota? A wuri mai tsawo da babu cunkoso ya kai kilomita 80, na ce ya taka kuloci ya saka ta a firi. Inji ya sauko ya yi shiru, ƙugi bai motsa ba. Muka maimaita gudu ɗaya a giya ta huɗu da ta shida, kukan inji ya bambanta, ƙugin ƙasa yana yadda yake. Nan take inji da salansa suka fita daga zargi. Wannan gwaji bai ci ko minti biyar ba, kuma da an yi shi tun farko da ba a kai motar wurin mai walda ba.

Na biyu, totur. Aksul ɗin baya in ya lalace kukansa siriri ne, kuma yana sauya murya tsakanin lokacin da ka taka totur da lokacin da ka ɗaga ƙafa. Ya taka, ya saki, ya taka, ya saki. Babu canji.

Na uku shi ne wanda ya fi ba mu haske. Muka nemi inda sabuwar kwalta mai santsi ta haɗu da tsohuwa mai tsakuwa a fili, a kan hanyar Kano zuwa Zariya da wasu titunan bayan gari. A kan tsohuwar, ƙugin ya cika motar har ana jin sa a ƙirji. Muna hawa mai santsi ya ragu sosai, ya kuma sauya amo. Ƙarar da ke sauyawa da fuskar titi daga taya take. Boris ba ruwansa da irin kwaltar da aka taka, a kan kowace iri kukansa ɗaya ne. Da muka zo tsayawa kuma, yana taka birki a hankali daga wajen kilomita 40 zuwa ƙasa, sai ga wani gurnani gur-gur-gur daga gaba, ana jin sa har a sitiyari da tafin ƙafa.

Na huɗu, lilo. A fili marar motoci ya riƙa karkata sitiyari hagu da dama a hankali don nauyin motar ya koma gefe ɗaya sannan ɗayan. Boris mai ciwo yakan ƙara kuka in nauyi ya hau kansa, ya yi sauƙi in nauyin ya sauka. A nan sakamakon bai fito sarai ba. Na ji kamar wani abu yana ɗan ƙaruwa in an karkata hagu, amma rurin tayoyin ya danne komai. Na rubuta shi a takarda da alamar tambaya. Iska ma mun gwada ta, tunda gilasan ƙofofin 350Z ba su da firam, roba kawai suke dannawa. Muka bi bakin gilashin direba da salatif, wani ɗan shuuu da ke sama ya ɗauke, amma ba shi ne abin da ya kawo mai motar ba.

Abin da tafin hannu ya gaya mana

Ido yana yaudara a kan taya. In ka tsaya a gefen motar, tayoyin gaba suna da sauran zane, kai ka ce za su yi shekara. Sai da muka murɗa sitiyari har ƙarshe, muka shafa gefen ciki da tafin hannu. In ka shafa gaba sumul, in ka dawo da hannun baya sai ya riƙa karo, kowane yanki na zanen ya ci ta baki ɗaya ya bar ɗayan a tsaye kamar haƙoran zarto. Duka biyun haka suke, ta dama ta fi muni.

Ga yadda wannan ke zama ƙara. Masu ƙera taya suna bambanta girman yankunan zanen da gangan, wani babba wani ƙarami, don kada bugunsu a kan kwalta ya haɗu ya zama amo ɗaya mai damun kunne. Da zarar bakin kowane yanki ya tashi, wannan dabara ta rushe, kowane ɗaya yana marin titi in ya zo. Kewayen tayar gaba ta wannan mota ya ɗan haura mita 2, wato a gudun kilomita 100 tana juyawa kusan sau 13 cikin daƙiƙa ɗaya. Ka lissafa yawan yankunan da ke jikinta ka ninka da 13, za ka gane dalilin da ya sa kunne ba ya jin bugu ɗai-ɗai, sai ruri. Da wuri ɗaya ne ya lotsa ko ya kumbura, da abin da za a ji shi ne dum-dum-dum da ake iya ƙirgawa in ana tafiya a hankali. Da kuma shakazoba ce ta mutu, da cin ya zama kwari da tudu zagaye da tayar. Kowane irin ci da abin da yake nunawa, shi ya sa nake roƙon masu mota kada su bar tsohuwar taya wurin mai faci kafin bakanike ya gan ta.

Tayoyin baya kuma wani labarin ne. Ba kamfani ɗaya ba ne, ba zane ɗaya ba. Ta hagu tana ɗauke da hoton dutse da ƙanƙara a gefenta, alamar tayar hunturun Turai da Amurka ce. Irinta robarta mai laushi ce, an tsattsaga zanenta da ƙananan layuka don ta kama ƙanƙara, an yi ta ne don sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7. A Kano kuwa zafin watan Afrilu yana haura 40 a inuwa, balle a kan kwalta. Tana ƙara, tana saurin cinyewa, ba ta kuma riƙe mota yadda ya kamata in an taka birki. Muka karanta lambar shekara da ke gefen kowace taya, wato lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, in ka ga 1816 to mako na 18 ne na 2016. Babu ko ɗaya cikin huɗun da ba ta haura shekara 8 ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara 4, manyan kamfanonin taya kuma suna cewa ko zanenta bai taɓu ba kada ta wuce 10. Shigo da tsofaffin tayoyi yana cikin jerin abubuwan da Kwastan ta haramta, amma kowa ya san kasuwa cike take da su. Ina fahimtar mai tasi da ke lissafin kowace naira. Mai mota irin wannan da ke iya gudun da take yi, ban ga uzurinsa ba, kuma haka na gaya wa mai ita, ko da yake a haka ya saye ta.

Ya ce, "To Oga, ai shi ke nan, a sa sababbin tayoyi." Na ce masa, "Alhaji, ba a nan gizo ke saƙa ba. Wani abu ne ya ci waɗannan, in ba mu gano shi ba sababbin ma zai ci."

A ƙarƙashin motar

Ƙafar gaba ta 350Z tana da hannu ɗaya a sama da biyu a ƙasa, na alminiyam. Ɗaya daga na ƙasan lanƙwasasshe ne, ya miƙa baya ya kama jikin mota ta hanyar wani babban bushin na roba. Aikinsa riƙe tayar kada ta ja baya in an taka birki ko an faɗa rami. Da muka ɗaga motar muka sa ƙarfe muka ɗan banƙara, robar ta dama ta tsage zagaye, hannun yana wasa a cikinta. Ta hagu ta farfashe, tana kan hanya.

Wannan ne bakin zaren. Motar da bushin ɗinta ya tsage za ta iya hawa injin alaimen a tsaye ta ba da lambobi masu kyau, mai injin ya buga takarda ya ba ka. Tana hawa titi ka taɓa birki sai tayar ta ja baya, bakinta ya buɗe waje, gefen ciki ya riƙa gogar kwalta a karkace. Haka ake samun haƙoran nan, haka kuma gurnanin lokacin tsayawa. Mai motar ya nuna mana rasit na alaimen da aka yi masa makonni kaɗan kafin nan. Kuɗin ya tafi a banza, ba don injin ya yi ƙarya ba, sai don babu wanda ya girgiza ƙafar kafin a ɗora ta.

Mun auna tsayin motar don mu tabbata wani mai ita na baya bai sa mata gajerun sifirin ba, saboda saukar da mota yana ƙara kwantar da kan tayoyi ciki, kuma a gaban 350Z kamfani bai bar wurin saita wannan kwanciyar ba. Tsayinta daidai yake. Mun duba alamun tsohon haɗari, tunda tokumbo da yawa daga gwanjon motocin da suka yi karo ake sayo su a Amurka. Babu walda, babu lanƙwasa. Boris ɗin gaba da aka canza suna lafiya, aikin ma an yi shi da kyau, sai dai ba su ne masu laifi ba.

Ƙara ta biyu

A nan ne muka yi abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci a wannan aiki. Infiniti G35 mai ƙofa biyu 'yar gida ɗaya ce da 350Z, ginin ƙasansu ɗaya, ramukan wilinsu ɗaya, girman tayoyin inci 18 ɗinsu ma ɗaya. Akwai wata a garejin mai tayoyi masu lafiya. Muka nemi izinin mai ita, muka ɗaura wilinta huɗu a kan Nissan ɗin, muka koma titin da muka bi da farko, gudu ɗaya.

Ruri ya faɗi warwas. Mai motar ya fara murmushi, ni kuwa kunnena yana baya. A cikin shirun da aka samu wani sauti ya bayyana, wuuu mai zurfi, yana farawa daga wajen kilomita 60, yana hawa da gudu. Muka sauka daga kwalta mai santsi zuwa mai tsakuwa, bai sauya ba. Muka yi lilo. In an karkata hagu, nauyi ya koma dama, sai ya ƙaru. In an karkata dama sai ya kusa ɓacewa. Alamar tambayar da na rubuta ta sami amsa, boris ɗin baya na dama ne. Wayar da ke bayan kujeru ma ta kama shi fiye da wadda ke hannuna.

Gwajin lilo shi kaɗai ba ya isa a yanke hukuncin gefe, domin boris na zamani layi biyu ne na ƙwallaye a gida ɗaya, wani lokaci layin ciki ne ya lalace sai alamar ta juye. Saboda haka muka koma muka ɗaga motar. Mun kama tayar sama da ƙasa mun girgiza, babu wasa ko kaɗan, kuma a nan ne masu gyara da yawa suke wanke boris su sallame shi. Irin wannan yana iya yin kuka na dogon lokaci kafin ya fara wasa. Yaro ya riƙa juya tayar da hannu, ni na ɗora tafi a kan sifirin. A hagu sumul, a dama wani ƙaiƙayi gar-gar yana ratsowa. Na dafa bakin doguwar sukundireba a bayan hob ɗin, na kara kunne a kan mariƙin, sautin ya fito ƙarara. Wani gargaɗi a nan: wannan motar aksul ɗinta irin mai kulle tayoyin baya tare ne in ɗaya ta fara sulɓi. Duk wanda ya ɗaga taya ɗaya a kan jak ya tayar da inji ya sa giya, ɗayar da ke ƙasa za ta iya tura motar ta sauko a kansa. In za a yi wannan gwaji, sai duka biyun suna sama a kan abin da ya kafu.

Mun zubar da man aksul mun duba ko da ɓurɓushin ƙarfe. Ya tsufa ya yi baƙi, amma babu abin tsoro, muka zuba sabo irin wanda littafin motar ya ce, 80W-90.

Da aka ciro boris ɗin, giris ɗinsa ya bushe ya koma ja saboda tsatsa, hanyar da ƙwallayen ke bi ta yi ƙananan ramuka. Ruwa ya shige shi. Mota ce mai ƙasa-ƙasa, kuma duk wanda ya san titunan Legas ko wasu unguwannin Kano da damina ya san irin ruwan da take ratsawa. Faɗawa rami da gudu ma yana lotsa hanyar ƙwallayen. Sannan mota mai turi da baya irin wannan ita samari ke nema don wasan mota a bukukuwa, kuma juyin nan da ake yi ana ta da ƙura, ƙafafun baya ne ke biyan bashinsa. Ko wanne ne ya fara, sakamakon ɗaya ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, cikin duk ƙararrakin motar wannan ce mafi hatsari, kuma ita ce ba a ji. Boris in ya ci gaba da lalacewa zafi yake yi, ya fara wasa, ya rikita na'urar ABS mai hana tayoyi kullewa in an taka birki, daga ƙarshe ya iya kamewa ana cikin gudu. Mai motar ya zo ne saboda ciwon kai, bai san yana bin hanyar Zariya da wannan a bayansa ba.

Tun ranar farko ya so mu shimfiɗa masa abin kashe ƙara a duk cikin motar, ya gani a intanet ana yi. Mun ƙi, muka ce sai a ƙarshe. Da mun biye masa, da mun ƙara binne kukan boris ɗin.

But ɗin da aka yashe

Gano ƙara ta uku bai ɗauki lokaci ba. Muna ɗaga shimfiɗar but muka tarar babu safaya, babu soson da ke kewaye da ita, kafet ɗin ma wani yanki ne aka yanko aka ajiye. Wani mai ita na baya ya taɓa sa manyan lasifikoki, ya cire wata robar toshiya a ƙasan but don ya zura waya, bai mayar ba. Ramin yana kallon titi. Robar da ke rufe cikin madigadin baya na dama ma babu ita, duk tsakuwar da taya ta ɗauko ƙarfe take duka kai tsaye. A motar da ke da kujerar baya da bango tsakaninta da but, wannan zai iya wucewa ba a lura ba. A 350Z babu abin da zai tare.

Tsarin gyara

Kuɗi ba su isa a yi komai rana ɗaya ba, saboda haka muka jera aikin bisa hatsari. Boris da farko. Gida guda yake zuwa, ana ɗaure shi da kusoshi, kuma na G35 yana shiga, abin da ya sauƙaƙa nemansa. Mun nace a kan na asali, mun kuma ɗaure babban notin shaf da sifana mai auna ƙarfin ɗauri daidai da littafi. Ɗaurin "taka da ƙafa har sai ya yi ƙara" yana kashe sabon boris cikin watanni. Na hagu ba mu taɓa shi ba tunda lafiyarsa ƙalau, ba dole ba ne a canza su tare.

Sai bushin, duka gefe biyu. An kawo mana shawarar sa na roba mai tauri irin na masu tsere, wanda ya fi daɗewa. Gaskiya ne yana daɗewa, amma yana kai duk gargadar titi cikin mota, kuma mutumin nan shiru ya zo nema. Muka sa na roba irin na kamfani, muka bar ɗaurin ƙarshe sai da motar ta sauka nauyinta ya hau ƙafafunta, don kada robar ta zauna a murɗe.

Daga nan tayoyi huɗu sababbi, kamfani ɗaya, girman da aka rubuta a ƙofa, muka karanta shekararsu kafin a biya. Mun kauce wa masu manyan yankunan zane irin na filin tsere. Mun kuma zaɓi waɗanda ba su da kibiyar da ke tilasta su juya ta fuska ɗaya, don a iya musanya ta hagu da ta dama lokaci-lokaci, tunda gaba da baya ba ya yiwuwa. Wasu tayoyi suna zuwa da takardar Tarayyar Turai mai nuna desibel, wadda aka fara tilastawa a 2012. Tana da amfani, amma ƙarar da mutumin da ke bakin titi yake ji take aunawa, ba ta cikin mota ba. Ranar da aka sa tayoyin a ranar aka yi alaimen, bakin na gaba ya ɗan haɗe ciki kaɗan yadda littafi ya tanada, na baya kuma, da yake suna da wurin saiti, aka rage musu kwanciya gwargwadon abin da aka halatta. An yi balansin ma, ko da yake shi maganin karkarwar sitiyari ne, ba ya taɓa ruri.

A ƙarshe muka toshe ramin but, muka samo safaya da robar madigadi, muka manna 'yan faifan kashe girgiza a kan faffaɗan ƙarfen ƙasan but da saman madigadai, muka shimfiɗa soso da kafet. Ba sai an lulluɓe ko'ina ba. A guji irin mai kwalta da ake liƙe rufin ɗaki da shi, zafin motar da ta yini a rana yana narkar da shi ya cika ciki da wari.

Muka koma titin nan dai, gudu ɗaya, waya a wuri ɗaya. A kan kwalta mai santsi mutum biyu suna hira da muryarsu ta yau da kullum, abin da ya fi fitowa shi ne kukan V6 ɗin da mai motar ke so. Gurnanin tsayawa ya tafi, wuuu ɗin baya ya tafi. A kan tsohuwar kwalta mai tsakuwa har yanzu tana da hayaniya, kuma mun gaya masa gaskiya cewa wannan kason ba zai tafi ba, na ƙirar motar ne. A nan kaɗai maganar dilan ta zama daidai.

Mun ba shi aiki biyu: ya riƙa auna iska da gejinsa na kansa da safe duk mako biyu, kuma duk bayan kilomita 5,000 ya murɗa sitiyari ya shafa gefen cikin tayoyin gaba da hannu, in ya ji karo ya dawo kafin kunne ya fara ji. Ya kawo ta bayan damina, muka shafa, zanen yana ci daidai, muka musanya ta hagu da ta dama. Boris ɗin baya na hagu muka sake saurara, babu komai. Abin da ya rage shi ne robar gilashin ƙofar direba, wadda ba a samu a kasuwa ba sai da aka yi odarta daga waje.